Famau da Kifayen Jabiyarmu

Duk wanda ya ce muku Famau ne kaɗai ya kashe mana ruwan sha a waccan shekarar, to ya rage muku labari. Mu arba'in da 'yan kai ne muka ɗaga masa hannu a ƙofar masallaci, kuma hannuna na dama yana cikin na farko-farko. Ni ne Bwanaheri mai gahawa. A bakin gaɓar da jirage ke tsayawa nake zama da butata, don haka babu abin da zai faru a garin nan bai bi ta gabana ba.

Rijiyoyin tsibirinmu duk zartsi ne, ko jaki sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya sa baki. Abin da muke sha ruwan sama ne da muke tarawa a jabiya, ƙaton kwamin simintin nan mai rufin kwano da ƙofa ɗaya da ke bayan masallaci. In ta cika da damina, ita za mu yi ta lallaɓawa har wata daminar. In ta ɓaci kuwa, babu wata.

Mabuɗinta yana rataye a wuyan Bi Somoe, wata gajeriyar tsohuwa mai faɗan tsiya, wadda ta gaje shi daga uwarta. Guga ɗaya ne da igiya ɗaya, kuma ba su taɓa sanin ƙasa ba. In ka zo da naka, da kai da shi za ta kora. A cikin ruwan akwai wasu mitsi-mitsin kifaye da ba su kai ɗan yatsa ba, aikinsu cinye tsutsar sauro. Can ƙasan kwamin an dasa wani kwanon tangaran cikin siminti, don in ruwa ya ja baya su taru a ciki kada su mutu. Haka muka taso muka gani.

Sai ga Famau ya dawo daga Mombasa, saura wata uku ruwan sama ya sauko. Shekararsa goma sha ɗaya a wani otal na Turawa. Ya sauko daga jirgi da shuɗiyar riga, usur a wuya, da wata koma mai dogon mariƙi a kafaɗa. Ya zauna a bencina, ya kurɓi gahawata, ya yamutsa fuska.

"Bwanaheri, da wane ruwa ka dafa wannan?"

"Da wanda ka sha ka girma."

"Shi ya sa ban yi tsawo ba," in ji shi.

Daga nan ya buɗe mana baki. Wai a otal ɗin akwai kwamin iyo da ya ninka jabiyarmu uku, kuma shi ne mai kula da shi. Ruwan shuɗi ne garau, in ka jefa allura za ka hango ta a ƙasa. Wai Turawa kan baro ƙasarsu takanas don su ga ruwan Famau, har wani babbansu ya taɓa rungume shi yana kuka.

Washegari ya bi matarsa Mwanahawa ɗibar ruwa, ya leƙa jabiya, ya ja da baya yana salati.

"Kifi! A ruwan sha! Jama'a, ku tsaya in tambaye ku. Kun taɓa ganin kifi ya fito waje zai yi bayan gida?"

Muka girgiza kai.

"To shekara nawa kuna shan me?"

Wallahi maganar nan ta shige mu. Ni da na shekara hamsin ina shan ruwan nan lafiya lau, ranar ko kurɓa ɗaya ban yi ba. Ranar Juma'a bayan an idar da salla, Liman Shebwana ya ce a tsaya a yi shawara. Maza zalla, kun ji. Matan da ke ɗibar ruwan safe da yamma ba wanda ya ce musu kanzil. Famau ya yi jawabi, ya busa usur sau biyu, aka ce mai son a ba shi mabuɗi ya ɗaga hannu. Muka ɗaga.

Bi Somoe tana tsaye can gindin kwakwa tana kallonmu. Ta cire mabuɗin daga wuyanta ta jefar a kan yashi.

"Ga shi nan. Amma ku bar mini kifayena."

"Goggo, kyanwoyin garin nan ma bayin Allah ne," in ji Famau. Muka bushe da dariya.

Kwana biyu ya yi yana yawo da komarsa a bakin kwamin, yana kwaso kifayen yana watsa wa kyanwoyi. Bi Somoe ta zo da tsohuwar butar shayi, ta durƙusa a tsakiyar kyanwoyin tana ture su, tana tsintar masu sauran motsi tana jefawa a ciki. Wani ya ce, "Goggo, a soya mana da barkono!" Ko kallonsa ba ta yi ba, ta ɗauki butarta ta wuce.

Da ya gama da kifi sai ya hau sama ya ɓalle kwano huɗu daga rufin. Wai ruwa yana son rana, a otal ba a rufe shi. Sannan ya shiga kanti ya kwashe duk bular da mata ke sa wa fararen kaya, ya jiƙa a bokiti ya tuttula a ciki.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar farko abin ya yi kyau. Rana ta faɗo a kan ruwan, ya yi shuɗi shar, har mutanen ƙauyen da ke tsallaken fadama suka zo kallo. Ni da bakina na ce wa wani baƙo, "Mu nan mun waye." Da yamma sai shinkafa ta fito daga kowace tukunya da launin sararin sama. Mwanahawa ta dire wa mijinta tire a gabana, don a bencina yake cin abinci saboda ya samu masu sauraro.

"Maigida, ga tuwon otal."

"Ai haka Turawa ke ci."

"To ci mana. Ni ban waye ba tukuna."

Ya ci, yana hawaye yana cewa kwakwar da aka dafa shinkafar da ita ce ta yi yawa. Liman kuwa da ya yi alwala da ruwan kwana uku, farin gemunsa ya koma kalar rigar Famau. Ya hau mumbari yana wa'azi a kan tsoron Allah, sahun gaba duk sun sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa, shi kuma yana zaton wa'azin ne ya ratsa su.

Kwana goma da tafiyar kifi, hankaki ya gane akwai tagar sama, ganye ya gane, sauro ma ya gane. Mwanahawa ta sake zuwa bencina, wannan karon da kofin gilashi. Ta ɗaga shi saitin idon mijinta. Wasu 'yan baƙaƙen abubuwa suna ta wutsil-wutsil a ciki.

"Su wane ne waɗannan? Turawan ne suka iso?"

Famau ya karɓa ya duba ta nan, ya duba ta can.

"Wannan alamar ruwa mai rai ce. Mataccen ruwa ba ya motsi."

"To shanye masu ran, mu gani."

"Mwanahawa, kina tozarta ni a gaban jama'a."

"A gida ma na gwada, ba ka ji ba."

Ya ce a ba shi kwana ɗaya. Wai tsutsa ta sama take shaƙar iska, in aka rufe fuskar ruwa da mai za ta shaƙe. Ya bi gida-gida ya tara man kwakwa jarka biyu ya malala. Tsutsar ta ragu, ban hana shi wannan ba. Amma gahawata ta koma miya. Mutum ya kurɓa sai ya tashi da leɓe yana ƙyalli kamar ya ci naman biki. Tururuwan tsibirin nan kaf suka yi layi zuwa jabiya, suna faɗawa suna mutuwa. Rana ta dafa man ya fara ɗoyi. Inda iska ta ture man gefe, sauro ya koma ya ci gaba da harkarsa.

Mata suka tafi wurin Bi Somoe suna roƙo. Tana zaune tana saƙar tabarma, ta ce, "Ni tsohuwa ce, 'ya'yana. Ban je Mombasa ba. Ku tambayi mazajenku, su ne masu hannu."

A nan dariya ta fara ƙarewa. Yara suka fara gudawa da zazzaɓi. 'Yata Tima, autata, kwana uku ba abin da ya zauna a cikinta, idanunta suka faɗa. Na ji tsoro ƙwarai, kuma na ji kunyar haɗa ido da uwarta. Malamar asibitin da ke babban tsibiri ta aiko cewa yaran garinmu sun yi mata yawa, ranar Alhamis za ta zo ta ga abin da muke sha.

Da saƙon ya iso ranar Litinin, mutane suka yi wa Famau caa, kowa na cewa a dawo da kifi. Ya busa usur.

"Kifi kuke so? Zan kawo muku kifi. Amma ba irin tarkacen Goggo ba. Me za a yi da ɗari biyu masu kamar tsinke, alhali guda ɗaya babba zai yi aikinsu a wuni ɗaya?"

Ya nufi bakin gaɓa, inda Lali masunci ya shigo da wani ƙaton tewa da rai, kifin nan na cikin duwatsun teku mai baki kamar kwando. Sai da mutum biyu suka ɗaga shi.

"Lali, wannan nake so. Jabiya zan sa shi."

"Famau, tewa ɗan teku ne. Ruwan daɗi kashe shi yake yi."

"Kai a kwale-kwale ka yi karatu, ni a otal. A can akwai kifin teku cikin akwatin gilashi a falo, yana kallon baƙi suna kallonsa."

"Wane irin ruwa ne a akwatin?"

"Ruwa mana! Da me kake so a zuba, madara?"

Lali ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Ɗauka, kyauta." Daga baya ya rantse wai don ya ga ƙarshen abin ne ya bayar. Ya kuwa gani, mu ma mun gani.

Aka sa tewa a buhu jiƙaƙƙe, aka kai shi jabiya da rakiyar kyanwoyi. Ya faɗa tsundum, ya zaga sau ɗaya cikin bula da mai, ya fara karkacewa gefe guda. Famau ya ce gajiyar tafiya ce, ya kori kowa ya kulle ƙofa.

Bayan azahar, lokacin da zafi ke kwantar da gari, ina gyangyaɗi a bencina sai na ga jakin Famau ya wuce da jarkoki huɗu daga bakin teku. Ya dawo, ya sake wucewa. A sawu na uku na kasa haƙuri.

"Famau, na saba ganin jaki ya fito da ruwa daga jabiya. Yau na ga yana kai mata."

"Sinadari ne. Ba za ka gane ba."

"Sinadarin a teku ake ɗibarsa?"

"Bwanaheri, ka taɓa ganin na sa maka baki a gahawa?"

Ya sa, kullum ma sai ya sa. Amma na yi shiru. Ashe maganar Lali ce ta dawo masa, shi ne yake kai wa tewa ruwan garinsu don ya ji kamar yana gida. Jakin nan ya yi sawu ya fi ashirin a gabana, ni kuwa ina zaune ina korar ƙuda. Wannan shirun har gobe yana ci mini rai.

Talata da Laraba ƙofa a kulle, wai ruwa yana hutawa. Kowa ya lallaɓa da abin da ya rage a randa. Ranar Alhamis Famau ya yi wa jabiya ado da ganyen kwakwa, ya sa aka goge masa shuɗiyar rigarsa, ya jera kaskon turaren wuta har biyar a bakin ƙofa. Turaren ya yi iya ƙoƙarinsa. Amma akwai wani wari da ke fitowa ta ƙarƙashinsa, wanda ya sa kyanwoyin gari suka zo suka zauna a sahun gaba tun kafin mutane.

Malamar asibiti ta sauko daga jirgi da 'yar jakarta, yarinya ce siririya mara yawan magana. Gari kaf ya biyo ta, har da Bi Somoe can baya. Famau ya tare ta da jawabi. Ta bar shi ya kai wurin Baturen da ya rungume shi, sannan ta ce, "Baba, ɗebo mini."

Ya zura guga ya jawo. Abin da ya fito ba shi da suna. Ta zuba a kofi, ta duba, ta miƙa masa.

"Bismilla."

"Ai baƙo ake fara ba wa, 'yata."

"A aikinmu mai ruwa ne ke farawa."

Ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Ya rufe ido ya kafa kai. Maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya sauke kofin, ya goge baki da ƙyar.

"Akwai ɗan gishiri-gishiri," ya ce da wata siririyar murya. "Yana ƙara ƙarfin ƙashi."

Bai rufe baki ba ruwan ya yi wani gurgur, sai ga tewa ya taso daga ƙasa, ciki a sama. Ya kumbura ya yi biyun yadda ya shiga, ya rine shuɗi, yana ƙyallin man kwakwa, baki a wangale. Ya juyo a hankali ya tsaya daidai saitin Liman. Mata suka kwashi salati, masu toshe hanci na yi, masu neman hanyar waje na yi.

"Famau," in ji Liman ta cikin hannun rigarsa, "shiga ka fito mana da wannan masifa."

"Allah gafarta Malam, ba a shiga ruwa bayan an sha ruwa. Doka ce a otal."

"Shekara goma sha ɗaya kana kwamin iyo!" in ji Lali. "Shiga mana, mu ma mu ga irin na Turawa."

"Ban zo da wandon aiki ba."

Ya ɗauko komarsa mai dogon mariƙi, ya tsaya a bakin kwamin da mai ya jiƙe, ya miƙa ya taro kifin. Ya ja, kifi ya ƙi. Ya ƙara miƙewa, ya busa usur don a matsa masa. Santsi ya kwashe shi. Ƙafafunsa muka gani a sama, sannan muka ji tsundum.

Ya ɓullo yana dukan ruwa da hannu biyu, ya nutse, ya sake ɓullowa rungume da tewa. Ba wanda ya motsa, don duk mun ɗauka gwaninta ce. Lali har da cewa, "Kai, ka ga salo!" Sai Mwanahawa ta ratso mutane tana ihu.

"Ku ciro shi! Wallahi bai iya iyo ba! Tawul yake ninkewa a otal ɗin, tawul! Ko ƙafarsa ba a bari ya sa a ruwan!"

Samari suka fara tuɓe riga. Bi Somoe ta ture su ta leƙa.

"Kai, sakarai! Miƙe tsaye. A watan nan ruwan iya ƙirji ne."

Famau ya daina dukan ruwa. Ya laluba da ƙafa, ya miƙe. Iya ƙirji ne kuwa, ko ɗan yatsa bai ƙaru ba. Ya tsaya shuɗi tun daga kai, ɓawon kifi a gashinsa, ya buɗe baki zai yi bayani, usur ɗin da ya cika da ruwa ya yi wani ɗan kuka kamar ɗan tsako. Aka yi dariya har wasu suka zauna a ƙasa.

Malamar ce ba ta yi ba. Ta rufe jakarta ta ce ruwan nan ko jaki kada a ba wa, a kwashe shi duka a zubar.

Wuni biyu muka yi muna miƙa wa juna bokiti, muna zubar da ruwan wata biyu a kan yashi, yashi na shanyewa a gabanmu. Na ga matata tana kallon wurin tana share ido da gefen zanenta, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga ranar sai jirgi ya tafi babban tsibiri ya yi wuni guda kafin a samo abin jiƙa maƙoshi, kowane gida jarka ɗaya. Tima ta tashi, Allah ya taimaka, amma sai da ta koma kamar tsinke. Ni kuwa na rufe sana'a, don ba mai shan gahawar zartsi.

Da hadari ya fara haɗuwa, Liman ya tara mu muka tafi gidan Bi Somoe, mabuɗi a hannunsa, Famau a tsakiyarmu kamar ɓarawon akuya. Muka same ta a tsakar gida gaban wata randa. Na leƙa. Kifaye ne a ciki suna ta kai da kawowa. Bakwai ta tsinta a bakin kyanwoyi, yanzu sun fi talatin. Duk tsawon wahalar nan, rabin ruwan da ake ba ta su take zuba wa.

Liman ya yi gyaran murya. "Goggo, mun zo ba da haƙuri. Ga mabuɗi. Ga kuma Famau, duk hukuncin da kika yanke masa mun yarda."

Ta dubi Famau sama da ƙasa.

"Wannan? Me ya yi? Famau tun yana yawo ba wando kowa ya san wawa ne. Ya taɓa ɓoye muku? Wawa ya yi aikinsa." Ta juyo gare mu. "Ku nake tambaya. Ku masu gemu, masu hankali, da kuka sha ruwan nan shekara hamsin cikinku bai taɓa ciwo ba. Su wa suka ɗaga hannu?"

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

"Ina gindin kwakwa, na ga kowa. Duk wanda ya ɗaga, gobe ya zo da ɓawon kwakwa da toka ya shiga kwamin nan. Da hannun da ya ɗaga zai kankare, har sai na shafa bango ban ji mai ba. Ku mayar da rufi. Sannan in karɓi mabuɗi."

"To shi fa?" in ji Lali.

"Shi ya riƙe muku tawul. Abin da ya iya ke nan."

Kwana tara muka yi a cikin ramin nan, mu arba'in da 'yan kai, har da Liman da gemunsa. Matan gari suna zaune a bakin kwamin suna nuna mana inda muka tsallake. A rana ta goma sha ɗaya ruwa ya sauko. Bi Somoe ta bar na farko ya wanke rufi ya zube waje, sannan ta buɗe masa hanya zuwa jabiya, ta sauka da kanta ta juye randarta a kan kwanon tangaran. Ta mayar da mabuɗi wuyanta, ta wuce gida.

Famau kuwa, duk kwana taran nan yana tsaye a sama da tarin tsummokaranmu, ya ninke su tsaf, kusurwa ta haɗu da kusurwa, ban taɓa ganin ninki mai kyau irin nasa ba. Ina can ƙasa ina kankara, hannuna na dama ya yi kanta ya rine shuɗi, na ji shi yana gaya wa wani baƙo da ya leƙo: "Ka gan su nan? Mutum arba'in ne ke aiki a ƙarƙashina."